Netbuk huɗu kan tebur ɗaya, wacce ta fi gudu da gaske?

Jama'a na daɗe ina son in zauna in rubuta wannan abu, don tambayar da ake yawan yi min ke nan duk sanda wani ya gan ni ina aiki da ɗaya daga cikin ƙananan laftop ɗin nan da ake kira netbuk, wai wannan 'yar mitsitsiyar tana iya wani abu kuwa? Wani kuma ya ce ya tsinci tasa a cikin kabad ta sha ƙura, ko yayansa ya bar masa, an rubuta 1.6 GHz ɓaro-ɓaro a jikinta amma in ya kunna sai ta yi ta jan ƙafa har ransa ya ɓaci ya rufe. To ni dai guda huɗu gare ni, na tara su ne a hankali cikin shekaru saboda wallahi ina son girman nan nasu, ka jefa a jaka ka manta da ita. Satin da ya wuce na jera su a tebur ɗaya, na sa musu Windows 7 iri ɗaya mai 32-bit, burauza iri ɗaya, fayiloli iri ɗaya, na yi ta ba su aiki ina kallo.

Bari in fara gabatar da su da launinsu don kar mu rikice. Akwai baƙa, ita ce babbar yaya, tana da Intel Atom N270 mai 1.6 GHz, RAM 1GB, had disk 160GB. Akwai fara mai Atom N450, 1.66 GHz, ita ma 1GB. Akwai ja mai Atom N550, 1.5 GHz amma ƙwaya biyu ce a cikinta, wato kor biyu. Sai ta huɗun mai ruwan toka wadda ta ɗan fi su faɗi, inci 11.6, ita AMD C-60 ce a ciki, 1.0 GHz kacal aka rubuta. In da lamba ake bi ai ita ce ta ƙarshe ko? Ku riƙe wannan a ranku tukuna.

Ga wanda bai san asalin abin ba, netbuk ta fara tashe ne a ƙarshen 2007 lokacin da Asus suka fito da Eee PC 701, sikirin inci 7, Celeron M mai 900 MHz wanda ma aka rage masa gudu zuwa 630 MHz, ajiya 4GB, da Linux a kai. A 2008 Intel ta kawo Atom N270 sai kowane kamfani ya shigo, Acer Aspire One, MSI Wind U100, Samsung NC10, HP Mini, Dell Mini, Lenovo S10, duk suka cika ko'ina. Kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne kusan dukansu abu ɗaya ne a ciki, riga ce kawai ta bambanta. N270, RAM 1GB, had disk 160GB, sikirin 1024x600, Windows XP Home. Dalili kuwa a lokacin Microsoft tana ba da lasisin XP mai sauƙin kuɗi ne ga na'urar da ba ta wuce wata iyaka ba, daga ciki har da RAM kar ya wuce 1GB, shi ya sa kowa ya tsaya a nan. Saboda haka in kana kwatanta gudun netbuk biyu, sunan kamfanin da ke bayan murfi ba zai gaya maka komai sosai ba, furosesa za ka duba, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da girafik mai kula da hoto da RAM da irin ajiyar da ke ciki.

Gwaji na farko tashi ne, na danna maɓallinsu kusan a tare. Gaskiya nan ba wadda ta burge ni, duka huɗun had disk ne mai juyawa 5400 rpm a cikinsu, kuma shi ne yake riƙe musu ƙafa. Fuskar Windows ta fito a dukansu ba da wani dogon rata ba, amma fitowar fuska daban, samun damar yin aiki daban. A baƙar da farar, 'yar fitilar nan ta had disk ta kama da wuta ta ƙi ko ƙiftawa, ka danna Start ba abin da zai faru, ka sake dannawa, can sai ya buɗe kuma ya rufe saboda dannawa biyun duk sun iso tare. Ja ta riga su nutsuwa, mai ruwan toka ma haka don ita da RAM 2GB ta zo. Wannan ne ya fara nuna min cewa matsalar farko ta masu 1GB ba furosesa ba ce ma, wurin numfashi ne babu. Windows 7 mai 32-bit 1GB ne mafi ƙarancin abin da take buƙata, to in ka ba ta daidai mafi ƙarancin, ina burauza za ta zauna? Sai ta koma tana kwashe kaya daga RAM tana zubawa a had disk tana sake ɗebowa, shi kuma ga shi da nawa, shi ke nan an shiga layi.

Rubutu kuwa, nan ne nake kare netbuk a ko'ina. Na buɗe Word na yi ta buga rubutu a kowacce, shafi da shafi, ba wadda ta ba ni kunya har baƙar. In dai rubutu ne zalla da ɗan lissafi a Excel mara nauyi, N270 na 2008 yana yi maka lafiya lau yau ɗin nan. Sau ɗaya kawai ta min wani abu, ina cikin bugawa antibairos ya tashi aikinsa a bayan fage, sai na ga haruffa sun daina fita ina bugawa babu komai a sikirin, sai can jimla guda ta zubo gaba ɗaya kamar an ɓalle famfo. A ja ban ga wannan ba ko sau ɗaya, kuma nan ne amfanin ƙwaya biyu yake, ɗaya tana fama da antibairos ɗaya tana saurarenka.

Yanzu maganar da ta fi damuna, bambancin baƙa da fara. Mutum zai ɗauka tunda N450 ya fito a farkon 2010, wajen shekara ɗaya da rabi bayan N270, ai dole ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Wallahi a hannu ban ji wani bambanci da zan nuna da yatsa ba. Buɗe folda iri ɗaya, buɗe PDF iri ɗaya, matse fayil cikin zip kusan tare suka gama. Abin da Intel ta yi a N450 shi ne ta kwaso girafik da mai kula da memori ta haɗa su cikin furosesa ɗin, maimakon tsohon chipset 945GSE da ke gefe yana shan wuta fiye da shi furosesan kansa. N270 wat 2.5 kawai yake ci amma chipset ɗin nasa ya fi shi ci, N450 kuma wat 5.5 ne har da girafik a ciki. Ribar ta tafi wajen batir da rage zafi, da kuma cewa N450 yana iya ɗaukar 64-bit wanda N270 ba ya iyawa sam. Amma gudu? Ƙwayar ciki kusan ita ce dai. Haka N280 mai 1.66 GHz da aka sa a irin su Eee PC 1000HE, da N455 da ya zo da RAM irin DDR3, duk 'yan gida ɗaya ne, kar wani ya ruɗe ka da su.

To me ya sa Atom yake da nawa haka alhali lambarsa 1.6? Wannan shi ne abin da na fi son mutane su gane. Tsohon Atom ɗin nan an gina shi ne yana bin umarni a jere ɗaya bayan ɗaya yadda suka zo. Kamar tela ne da aka ba shi ɗinki biyar, ya fara na farko sai zare ya ƙare, maimakon ya ɗauki na biyu ya fara yanka kafin a kawo zaren, sai ya naɗe hannu ya zauna jira. Furosesa irin na manyan laftop, da ma Celeron M na zamanin, suna iya tsallake wanda ya maƙale su yi na gaba su dawo. Intel ta cire wannan dabarar ne da gangan don a rage cin wuta, sai ta sa Hyper-Threading ya ɗan cike giɓin, shi ya sa in ka buɗe Task Manager a N270 ko N450 za ka ga akwati biyu kamar ƙwaya biyu ce, alhali ɗaya ce take karɓar layi biyu. Na sha ganin wanda ya rantse tasa dual core ce saboda wannan akwatin. A N550 kuwa akwati huɗu za ka gani, ƙwaya biyu ta gaske kowacce da layi biyu.

AMD C-60 shi kuma ƙwayoyinsa da ake kira Bobcat suna da waccan dabarar ta tsallake wanda ya maƙale. Shi ya sa 1.0 GHz ɗinsa, wanda yake iya ɗagawa zuwa 1.33 in aiki ya buƙata, yake kafaɗa da kafaɗa da Atom mai 1.6. Ba zan yi muku ƙari ba, ban ce ya tashi sama ya bar su ba. A aikin furosesa zalla kamar matse babban folda da 7-Zip, ja mai N550 ce ta riga kowa gamawa, mai ruwan toka na biye da ita kusa, baƙa da fara kuma suna can baya sosai suna ta hura iska. Amma a ƙananan abubuwan da hannu yake ji, danna nan buɗe can, ja windo gefe, sauka ƙasan shafi, mai ruwan toka ta fi santsi, kuma rabin wannan santsin daga girafik ɗinta yake zuwa.

Mu zo kan bidiyo don a nan aka raba gari. Na sa fayil ɗaya mai 480p a dukansu, kowacce ta kunna lafiya. Na sa 720p na H.264, wato wani tsarin matse bidiyo, baƙa da fara suka fara wahala, furosesa ya cike dam, in hoto ya tsaya cak kamar mutum biyu suna hira a ɗaki sai ya tafi daidai, da an zo wurin gudu ko ruwan sama ko kamara ta juya da sauri sai hoto ya fara tsalle murya ta wuce baki, ka ji magana ta ƙare mai maganar bai buɗe baki ba. Ja ta ɗauki 720p ɗin, da ƙyar dai amma ta ɗauka, fanka na ihu. Da na sa 1080p ukun nan duk suka durƙusa. Mai ruwan toka kuwa ta kunna 1080p ɗin sumul, na buɗe Task Manager ina dubawa furosesa ko rabi bai kai ba. Sirrin shi ne GMA 950 da ke tare da N270 da GMA 3150 da ke cikin N450 da N550 ba su da sashen da ke warware H.264 da kansu, komai a kan furosesa yake sauka. Radeon HD 6290 da ke cikin C-60, da HD 6250 na C-50, suna da wannan sashen, su suke ɗauke nauyin gaba ɗaya. Tun a wancan zamanin an san da wannan rauni, shi ya sa aka yi ta neman mafita, wasu suka sa girafik ɗin Nvidia Ion kamar HP Mini 311 da Eee PC 1201N, wasu suka liƙa ɗan katin Broadcom Crystal HD a ciki don bidiyo kawai. In ka ci karo da mai Ion, ta fi sauran Atom daraja ta wannan fuskar, sai dai ta fi shan batir.

Akwai wani abu da ya kamata in faɗa kan N2600 da N2800, na ƙarshen zamanin netbuk wajen 2012, irin wanda ke cikin Aspire One D270. A takarda sun yi kyau sosai, ƙwaya biyu, N2600 wat 3.5 kacal, girafik ɗinsu, GMA 3600 a N2600 da GMA 3650 a N2800, yana warware 1080p da kansa. Amma girafik ɗin na PowerVR ne, kuma direbansa na hukuma, wato manhajar da ke sa shi aiki, na Windows 7 mai 32-bit ne. In ka bar Windows 7 ka koma sabuwar Windows ko Linux sai ka rasa yawancin wannan ƙarfin, sikirin zai nuna amma ba hanzari. Irin wannan matsalar ce ta GMA 500 da ke tare da Atom Z520 da Z530 tun da farko. Don haka wanda yake da niyyar sa Linux, N550 ko N570 ko AMD sun fi masa kwanciyar hankali duk da sun girme shi.

Intanet kuma, nan ne zuciyata take ɗan sosuwa, don da sunan intanet aka yi su, net ɗin da ke farkon sunan ke nan. Amma intanet ɗin 2009 ba shi ne na yau ba. Shafin yau kafin ya nuna maka layi biyar na labari sai ya sauke tarin JavaScript da talla da bidiyo mai kunna kansa. Wikipedia da shafuka masu rubutu zalla duk huɗun sun buɗe ba laifi. Da na shiga Gmail da Facebook, baƙa da fara sai ka ga da'irar nan tana ta juyawa, ka ja shafi ƙasa ya ƙi motsi sannan ya zabura ya wuce inda kake so. Tab uku ya ishe su, na huɗu fitilar had disk ta kama ke nan. Ja ta fi haƙuri, mai ruwan toka ma haka, amma kar wanda ya sa rai da irin saurin wayarsa, wayar da ke aljihunka yau ta fi su ƙarfi duka. YouTube ma akwai wani tarko, yanzu yawanci da sababbin tsarin matse bidiyo VP9 ko AV1 yake turo bidiyo, kuma ba ɗaya daga cikin waɗannan na'urori da ya san su, har Radeon ɗin. Da farko mai ruwan toka ma tsalle ta dinga yi a YouTube har na yi mamaki, sai da na sa ɗan ƙarin burauza mai suna h264ify wanda yake tilasta a turo H.264, nan take 720p ya daidaita. A Atom ɗin kuwa 360p ne zaman lafiya, ja tana taɓa 480p.

Sai na zo kashi na biyu na gwajin, wanda shi ne ya fi min daɗi. Na buɗe bayan baƙa da fara da ja na sa musu RAM 2GB, wanda shi ne iyakar abin da waɗannan Atom ɗin suke ɗauka, na cire had disk na sa SSD ƙarami, wato ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa. A nan sai a yi hattara, N270 da N450 DDR2 suke ci, N455 da N550 yawanci DDR3, kuma tsagar jikinsu ba wuri ɗaya take ba, ba ya shiga in ba nasa ba ne. Ni na taɓa ɗauko wanda ba shi ba na zauna ina ta gwadawa yana ƙin zama, sai da na karanta 'yar takardar da ke manne a tsohon na gane. Ka cire na ciki ka karanta kafin ka nemo sabo. Wasu netbuk ɗin akwai 'yar ƙofa a ƙasa, sukuru ɗaya ko biyu ka gama, wasu kuma sai ka ɗaga kibod gaba ɗaya ka bi ta sama, da siririyar igiyar nan mai kama da ribbon da in ka fizge ta shi ke nan.

Canjin da na gani wallahi ya fi bambancin da ke tsakanin furosesoshin su kansu. Kafin in taɓa ja, baƙar nan ta 2008 da SSD da 2GB ta riga ja mai had disk da 1GB tashi da buɗe manhaja, na maimaita don in tabbatar haka ya sake faruwa. Fitilar da take kamawa ta ƙi sakewa yanzu ƙiftawa kawai take ta mutu. Start yana buɗewa da an taɓa. Shiru kuma, babu wannan ƙaran ƙir-ƙir na faifai. Amma fa SSD ba ya ƙara wa furosesa ƙarfi ko kaɗan, bidiyon 720p da yake tsalle yana nan yana tsallensa, shafin Facebook mai nauyi yana nan da nauyinsa. Abin da ya kashe shi ne jiran buɗewa da sandarewar nan ta babu gaira babu dalili. Kuma ba sai ka nemo SSD mai tsananin gudu ba, mashigar SATA ta waɗannan na'urori tsohuwa ce, ba za ta iya cin gudun nasa duka ba, mafi sauƙi ya wadatar. Wani abu kuma, kar a rikita wannan da ɗan SSD ɗin da netbuk na farko-farko suka zo da shi, masu 4GB ko 8GB ko 16GB, da yawansu wajen rubuta bayanai sun fi had disk ma nawa, su ne suke sa XP ta dinga tsayawa cak na ɗan lokaci. In taka irin wannan ce kuma ba ta da gurbin faifai mai inci 2.5, to gyaranta ya fi wuya.

Batir ba zan yi dogon bayani ba don batiran duk sun tsufa, kwatanta su zalunci ne. Abin da zan iya cewa shi ne mai sel 6 ya fi mai sel 3 nesa, kuma fara mai N450 ce ta fi sanyi a cinya, mai ruwan toka ta fi ɗumi, C-60 wat 9 ne. Akwai babban wansa E-350 mai 1.6 GHz da wat 18 da aka sa a ThinkPad X120e da HP dm1, shi kam ya fi duk waɗanda na lissafa gudu a fili, sai dai ya fara fita daga sahun netbuk ya shiga na ƙananan laftop. In fankar taka tana ihu kullum kuma gefen hagu yana ƙona hannu, buɗe ka share ƙura, ni da na buɗe ja wani dunƙulen ƙura na ciro a bakin fanka kamar auduga, bayan nan ƙarar ta ragu sosai.

Akwai wani gudu da ba a aunawa da agogo, shi ne na sikirin. 1024x600 ɗin nan yana cinye lokaci fiye da yadda ake zato. Tsayin 600 bai isa ba, ka buɗe wani windo na saiti sai ka ga maɓallin OK ya faɗa ƙasan sikirin ba ka ganinsa, sai dai ka yi ta danna Tab kana lissafi a ka sannan ka buga Enter da fatan ka dace. A burauza kuma sandunan sama sun cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ka karanta layi kaɗan ka ja, ka karanta ka ja. F11 ya zama abokina a kansu. Mai ruwan toka 1366x768 ce, kuma wannan kaɗai ya sa nake gama aiki da wuri a kanta ko da furosesa bai fi ba, ga kibod mai faɗi da yatsu ba sa karo. A Linux akwai sauƙi ɗaya, a yawancinsu in ka riƙe Alt za ka iya jan windo ta ko'ina ka tura shi sama har OK ɗin ya fito.

Tunda na ambaci Linux, bari in faɗi gaskiya kan Windows. Na yi gwajin da Windows 7 ne don a samu ma'auni ɗaya, amma ba na ba kowa shawarar ya shiga imel ko asusunsa na banki da ita. Microsoft ta daina tallafa wa XP tun Afrilu 2014, Windows 7 kuma Janairu 2020. Chrome ya tsaya a 49 a kan XP, ya tsaya a 109 a kan Windows 7. Windows 10 tana hawa kan wasunsu, na gwada a ja, amma sabuntawa da Defender kawai sun isa su riƙe furosesa a cike na dogon lokaci kana zaune kana kallo, kuma ita ma tallafinta ya ƙare a Oktoba 2025. Da na sa antiX, wani Linux mara nauyi, a baƙa, abin ya ba ni sha'awa ƙwarai, ta tashi da RAM kaɗan ta bar sauran duka wa burauza, kuma har yanzu suna fitar da na 32-bit wanda shi kaɗai N270 yake iya ɗauka. Wannan 32-bit ɗin shi ne igiyar da take ƙara shaƙe baƙar, Chrome ya bar Linux mai 32-bit tun 2016, Lubuntu, wani Linux ɗin, ma 18.04 ne fitowarsu mai dogon tallafi ta ƙarshe mai 32-bit. Fara da ja da mai ruwan toka suna da 64-bit, ƙofofinsu sun fi yawa, nan ne N450 ya rama abin da ya kasa nunawa a gudu.

To in aka tsare ni aka ce sai na jera su, mai ruwan toka ce ta ɗaya ba tare da na yi dogon tunani ba, ita da lambarta ta fi kowa ƙanƙanta, saboda bidiyo da sikirin da kuma tana karɓar RAM 4GB. Ja ce ta biyu, kuma in aikinka ba ya haɗa da bidiyo ratar da ke tsakaninsu 'yar kaɗan ce, wani wurin ma ja ce gaba. Fara ta uku saboda 64-bit da sanyi, baƙa ta huɗu. Amma in wani ya ce min yana da baƙa irin tawa a gida yana tunanin ya nemo mai N450 don ƙarin gudu, zan ce masa ya bari, ya sa mata 2GB da SSD kawai. In kuma zai nemo wata ne dole, ya tsallake duk masu ƙwaya ɗaya, ya duba N550, N570, C-50, C-60 ko E-350, ya kunna ta a gabansa ya danna dama a kan Computer ya shiga Properties ya karanta da idonsa, don sitikar da ke jiki Intel Atom kawai take cewa ba ta faɗin wanne ne.

Asus da Acer sun daina ƙera netbuk a ƙarshen 2012, bayan iPad ya fito a 2010 tablet da manyan wayoyi sun kwashe masu saye, saboda haka duk wadda za ka samu yanzu ta haura shekara goma, a duba hinjin murfi da bakin caja da kyau. Ni yanzu baƙar ce a gefen gadona da antiX a kai, rubutu kawai nake da ita da karanta PDF, kuma rabin wannan dogon bayanin a kanta na buga shi. Mai ruwan toka na jona ta da talabijin ta HDMI, wanda sauran ukun ba su da shi sai VGA. Fara na mayar mata da tsohon had disk ɗinta na ba wani yaro da yake koyon buga rubutu, ja kuma tana jiran sabon batir don nata ya kumbura har ya fara ɗaga murfin ƙasa, na cire shi na ajiye gefe, in naka ya yi haka kar ka sake sa shi a caji.